Ɗumamen Ranar Lahadi

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunan Yaya ba. Yaya ce 'yar fari a gidanmu, ni ke bi mata, kuma Umma irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Idan za ta aike ta, ni take duba ta ce, "Ki ce wa yayarki ta dubo mini tukunya," alhali Yaya tana zaune a gefenta har gwiwarsu na gugar juna. Idan baƙi suka yabi Yaya, sai Umma ta miƙe ta shiga neman abin da bai ɓata ba. Mu da muka taso a ciki ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kam da ina yarinya har murna nake yi, gani nake an fi sona, tunda ni ake kira da suna, ni ake kuma yi wa faɗa ido da ido.

Gidanmu yana Tudun Wada ta Kaduna, a layin da gidaje ke manne da juna, idan maƙwabci ya yi atishawa a ɗakinsa kai za ka amsa masa daga naka. A ƙofar gidan akwai ɗan shagon Baba. Gyaran rediyo ya yi duk rayuwarsa, kuma a zamaninsa har daga Makera ake kawo masa aiki. Sai duniya ta koma waya, aikin ya tafi ya bar shi da tarin gawar rediyo a kan kanta. Duk da haka kullum da safe sai ya buɗe shagon, ya goge kayan aikinsa, ya kunna wata tsohuwar rediyo yana murɗa ta a gajeren zango, yana sauraron tashoshin da rabinsu ƙara ce kawai. Mu 'ya'yansa muna ganin girmansa, amma a maganar kayan zamani ba ma neman shawararsa. Na faɗi wannan ne da kunya.

Yaya nas ce. Da ta samu aiki a ƙasar Turawa za ta tafi da mijinta da yaranta biyu, Umma ba ta so ba. Ba ta ce kar ta tafi ba, domin hakan zai sa ta yi mata magana kai tsaye. Ta dai ɗauke wuta na tsawon makonni, ranar tafiya kuma ta ƙi fitowa rakiya ko zuwa zaure. Amma ana gobe za su tashi ta kira ni ɗakinta ta turo mini wata jaka cike da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne a ƙulle cikin leda uku-uku.

"Ki ba ta," in ji ta. "Ki ce ke kika haɗa."

Ni kuma da rashin tunani na bi umarni. Yaya ta rungume ni tana yi mini godiya, na karɓi godiyar da ba tawa ba. Haka ta hau jirgi da yaƙinin cewa uwarta na fushi da ita, kuma duk wanda ya san abin da fushin uwa yake a wurinmu ya san ba ƙaramin kaya ta ɗauka ba.

Bayan ta zauna da gindinta a can, sai ta sa ni na sayo wa gida abu biyu. Na farko akwatin wayfay, don a riƙa kiran bidiyo ana ganin juna. Na biyu maikurowef, don Umma ta huta da hura gawayi saboda ɗan ɗumame. Kakuri na je na sayo su, a shagon wani tsohon abokin Baba, Inyamuri ne da ya tsufa a Kaduna, wanda a da shi ke sayar wa Baba kayan gyaran rediyo kafin ya juya zuwa kayan waya. Umma ta daɗe tana kallon maikurowef ɗin kamar zai yi magana, sannan ta raɗa masa suna akwatin ɗumame, sunan da ya bi shi har yau.

Tsakanin falonmu da kicin akwai wani ɗan lungu inda firji yake, da labule a bakinsa. A nan Umma ta shimfiɗa wani ƙyalle mai aikin hannu a kan firjin, ta jera akwatunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Dalilinta shi ne hannu ɗaya suka fito, kuma a nan ne yara ba za su kai ba. Ni da nake koyar da kwamfuta a wata sakandare a Romi, inda nake aure, na duba na ga akwai taga a wurin, sabis ya cika, ga soket mai kyau. Na ce wurin ya yi daidai. Da bakina na faɗa, har da gyaɗa kai irin na masana.

Ranar Lahadi bayan la'asar Yaya ke kira. Lokacin ne take samun ɗan hutu a asibiti, bai fi minti ashirin ba, sai ta ɓuya a wani ɗaki da rigar aikinta ta kira. Nakan taho daga Romi tun azahar. Idan babu wuta, Baba ya tayar da janareto tun kafin lokaci. Mu jingina wayata da kwalbar zuma a kan teburin falo, Baba ya zauna a gabanta ya gyara hula kamar za a ɗauke shi hoton fasfo. Wani lokacin maƙwabta mata su shigo a gaisa da 'yar Turai.

Mintunan farko lafiya lau. Fuskar Yaya ta fito tas, har kana ganin gajiyar da ke ƙarƙashin idonta. Ta gaida Baba, Baba ya tambaye ta sanyi, ta tambaye shi ƙafarsa. Umma tana can gefe a kan tabarma, inda wayar ba ta kama ta, tana kallon ƙasa. Sai Yaya ta ce, "Ina Umma?"

Da jin haka Umma za ta miƙe. "Bari in ɗumama wa Malam tuwo," ta ce, ta shige bayan labule.

Ba a minti ɗaya sai fuskar Yaya ta daskare, baki a buɗe, ido rabi a rufe. Muryarta ta riƙa zuwa gutsure-gutsure, "Um... na ce... lafi...", daga nan wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar fuskarta, sai kiran ya yanke. In sake kira, ya shiga ya sake faɗuwa. Kafin komai ya daidaita hutunta ya ƙare, ko ya rage abin da bai wuce a ce sai an jima ba. Sai Umma ta fito da kwanon ɗumame ta ajiye gaban Baba, ta dubi wayar da ta yi baƙi, ta koma ciki. Baba kuwa, da bai fi awa biyu da cin abincin rana ba, ya wanke hannu ya ci tuwon nan, wanda ya sha ɗumi har gefensa ya bushe ya yi tauri.

Wata da watanni muna haka. Ni kuma na tashi haiƙan da bincike, kuma babu wanda ban ɗora wa laifi ba. Na fara da kamfanin layin, na canza wani, abin bai canza ba. Na ce hadari ne, damina ta wuce muna nan inda muke. Na ce kwanon rufin gidan ne. Na buɗe wayata na ga jerin sunayen wayfay na maƙwabta, na mai shagon ɗinki, na masu cajin waya, na gidan haya da ke bayanmu, har da wani da mai shi ya sa wa suna gargaɗin kar a roƙe shi lambar sirri. Na yi wa Baba dogon bayani cewa duk waɗannan a hanya ɗaya suke bi a iska, idan suka yi yawa sai su riƙa jiran juna, kamar motoci a kan gada da yamma. Wannan gaskiya ne, kuma yana rage gudun abin. Amma Baba ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "To su maƙwabtan, ranar Lahadi kaɗai suke kunna nasu? Kuma sai yayarki ta ce ina Umma?"

Na ce masa abin ba kamar rediyo ba ne, ba zai gane ba. Ya ce to.

Har mai walda na ƙarshen layi sai da na je na same shi da faɗa, na ce injinsa ne ke kashe mana sabis. Bawan Allah ya cire baƙin gilashinsa ya dube ni ya ce, "Hajiya, ni Kirista ne, ranar Lahadi ko shagon ba na buɗewa." Na dawo gida jiki a sanyaye, ban kuma ba kowa labarin ba sai yau.

Da abin ya tsaya a kan sabis ne da sauƙi. Wata Alhamis da rana ina ofishin malamai Yaya ta kira ni, kira na murya kawai, kuma daga sallamarta na san ta yi kuka.

"Ki faɗa mini gaskiya," ta ce. "Umma ce ke sa a kashe?"

"A kashe me?"

"Kar ki raina mini hankali. Duk ranar da na tambaye ta, sai ta tashi, sai kiran ya mutu. Sau ɗaya ne? Sau biyu ne? Idan na kira ki a gidanki awa guda muna magana babu abin da ke faruwa. Na san ba ta yafe mini tafiyar nan ba. To ni ba zan riƙa tilasta mata ganin fuskata ba. Lahadin nan zan kira, idan aka sake haka, na daina. Ki riƙa gaishe mini da Baba kawai."

Na rantse mata babu mai kashe komai. Ta ce ta ji, da irin muryar wanda bai ji ba. Na san halin Yaya, idan ta ce ta daina ta daina, kuma taurin kan nan ba daga nesa ta ɗauko shi ba.

Da aka tashi makaranta ban koma Romi ba, Tudun Wada na wuce. Na tarar da Umma tana tsintar wake a tsakar gida. Na zauna na sa hannu, ina neman ta inda zan fara, sai ita ta riga ni, idonta a kan faifai.

"Waccan," ta ce, "idan aikinta ya yi yawa, ta daina wahalar da kanta da kiran nan. Na lura da na matso kusa sai ta ajiye. Ba dole ba ne."

"Kusa ina, Umma? Ai tashi kike yi."

Ta ɗauke wata 'yar tsakuwa ta jefar, ta ce waken bana duk ƙwari ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga mata biyu da nake ƙauna fiye da kowa, kowacce tana zaton ɗayar ce ke gudunta, kuma ni mai takardar kwamfuta na kasa riƙe musu kiran minti ashirin. Na fita zaure na samu Baba a shago, na zazzage masa komai, har da kuka.

Ya jira na share hanci. Sannan ya rage ƙarar rediyonsa ya ce, "Gobe ummanku za ta je bikin suna a Rido, sai yamma za ta dawo. Ki nemi izini a makaranta ki zo da safe. Akwai abin da nake so in gwada, amma tunda ba kamar rediyo ba ne, sai da mai ilimi a kusa."

Na haɗiye wannan, domin na cancance ta.

Da na iso washegari na tarar da abokinsa na Kakuri ya riga ni, suna zaune a falo suna shan shayi suna zagin kayan yanzu da ba a gyarawa sai dai a yar. Baba ya sa na jingina wayata da kwalbar zuma daidai inda muke ajiye ta, ya ce in kira mijina ta bidiyo. Na kira, ya fito tas daga wurin aikinsa, yana tambayar lafiya. Baba ya ce ya yi ta magana kawai, ko ƙirga ne ya yi. Mijina, mai biyayya ga suruki, ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku. Baba ya tashi da sandarsa ya shiga bayan labule, ya sa kofin ruwa a akwatin ɗumame, ya murɗa. Akwatin ya fara gurnani.

A kan goma sha huɗu mijina ya daskare da baki a karkace.

Baba ya kashe. Ɗan jim kaɗan sai ga mijina ya dawo yana cewa ashirin da shida, ashirin da bakwai. Baba ya sake murɗawa, mijina ya sake daskarewa. Sau uku aka yi, na uku kiran ya yanke gaba ɗaya. Na tsaya a tsakiyar falo na rasa inda zan sa fuskata.

"Na fara zaton wuta ce ke ja," in ji Baba, yana komawa kujerarsa. "Na ce ko idan ya tashi yana shanye wutar ne, ɗan uwansa ya suma. Na auna da mitata, na ga ba haka ba ne, kuma ɗan akwatin yana da batirinsa, fitilunsa ba su ko ƙifta ba. To idan ba ta waya suke faɗa ba, ta iska suke yi. A rediyo, idan ƙaramar tasha ta zauna a mita ɗaya da babba, ba ka jin ta. Tana nan tana magana, ba ta yi shiru ba, amma an danne ta."

Abokinsa ya tafa hannu yana dariya. "Malam, wallahi kai ne injiniya! Haka yake! Wannan abin ɗumame da wannan wayfay, mita ɗaya suke aiki. Shi da ita yake dafa abinci, shi kuma da ita yake aika magana. Ƙofar tana tare yawanci, amma kaɗan yana fita, kuma kaɗan ɗinsa ya fi ƙarfin muryar wannan ƙaramin. Kun kuma zo kun haɗa su kai da kai kamar mata da miji. Wa ya ce a ajiye su haka?"

Baba ya kurɓi shayinsa yana kallon silin bai tona ni ba, kuma har gobe ina gode masa da wannan.

Da kunyar ta sake ni sai zumuɗi ya kama ni. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Da Umma ta dawo zan gaya mata ita ce ke kashe kiran da hannunta, ta daina taɓa akwatin nan ranar Lahadi, ta zauna a falo kamar kowa ta yi magana da 'yarta. Wace irin kunya ce wannan a ƙarni na yanzu? Na ɗauko waya zan kira Yaya in fesa mata.

"Ajiye," in ji Baba. Ba ya ɗaga murya, amma na ajiye. Ya dubi abokinsa, shi kuma ya gane, ya ce bari ya leƙa shago ya ga tsofaffin rediyo.

"Zo ki tsaya nan," Baba ya ce, ya kai ni bayan labulen, gaban firji. "Dubi ta nan."

A gefen labulen, inda bai haɗu da bango ba, akwai ɗan tsagi kamar faɗin yatsu biyu. Na sa ido. Teburin falo ne a gabana, da kwalbar zuma, da fuskar wayata sosai, fiye da yadda ake ganinta daga tabarmar da Umma ke zama. Sai a lokacin na gane abin da take nufi da ta matso kusa.

"Kina zaton yunwa nake ji duk Lahadi da la'asar?" in ji Baba. "Ummanku ba za ta iya zama gaban mutane ta ƙura wa yayarki ido ba. Haka aka raine ta, haka uwarta ta yi mata. Nan take zuwa ta kalle ta. Amma ba za ta tsaya haka kawai a ce tana leƙe ba, sai ta kunna wannan, don a ji tana aiki. Idan ya tsaya ta sake murɗawa. Shi ya sa tuwon yake zuwa mini kamar dutse."

Na ɗago daga tsagin na dube shi.

"Idan kika gaya mata ita ce ke yankewa, ba za ta sake kunna shi ba, ba kuma za ta sake tsayawa nan ba. Ɗaki za ta shige ta rufe ƙofa, ta yi ta cin kanta a kan watannin da suka wuce. Ba ita za mu gyara ba. Akwatin za mu matsar."

Aikin bai ɗauke su awa biyu ba, kuma ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na ranar ba tun da aiki ya bar shi. Ya ɗauko doguwar wayar wuta daga shago, ya bi da ita ta saman ƙofa da ƙananan ƙusoshi, a miƙe kamar an ja da rula. Suka kafa wa akwatin wayfay ɗan katako a can ɗaya bangon falon, sama kusa da taga, nesa da lungun, nesa kuma da randar ƙarfe da muke tara ruwa, domin abokin Baba ya ce ƙarfe da ruwa su ma suna tare hanya. Sannan ya karɓi wayata ya nuna mini cewa akwatin namu yana da mita ta biyu, wadda maikurowef ba ya shiga, maƙwabta ma ba su cika cunkushe ta ba. Ya ce ba ta da nisan zango, bango biyu ya ishe ta, amma tunda a ɗaki ɗaya wayar da akwatin za su zauna babu damuwa. Na san da wannan mitar, a cikin littafin da nake koyarwa ma tana nan. Ban dai taɓa tunanin gidanmu yana cikin littafin ba.

Muka sake kiran mijina, Baba ya kunna akwatin ɗumame har ruwan kofin ya tafasa. Mijina ya ƙirga har ɗari ba tare da ya tsaya ba, sannan ya tambaya ko zai iya komawa bakin aikinsa.

Da Umma ta dawo da yamma ta ga gurbi a kan firji, ta tambaya. Baba ya ce abokinsa ya ce zafin firji na lalata batir. Ta gyara ƙyallen ta ja akwatin ɗumame zuwa tsakiya. Yaya kuwa saƙo ɗaya na tura mata, da izinin Baba. Na ce, "An gano matsalar, ba mutum ba ne. Ranar Lahadi idan Umma ta tashi, kar ki daina magana. Tana jin ki."

Lahadin babu maƙwabciyar da ta shigo, mu uku ne. Yaya ta fito a wayar da rigar aiki, fuskarta a ɗaure kamar mai jiran hukunci. Ta gaida Baba, ya tambaye ta sanyi. Sannan ta ce, "Ina Umma?"

"Bari in ɗumama wa Malam tuwo," in ji Umma, ta shige bayan labule. Gurnanin ya fara. Na ƙura wa wayar ido.

Yaya ta ƙifta ido. Ta gyara ɗankwalinta. Tana nan, tana motsi. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai, sai ta fara magana, da fari a ɗarare, daga baya kamar an buɗe famfo. Ta ba da labarin ƙaramin ɗanta da ya fara makaranta yana gaida malamarsa da ina kwana. Ta ce rana na faɗuwa tun kafin ta tashi aiki. Ta ce akwai wata tsohuwa a ɗakin da take jinya da ke kama mata hannu ba ta son saki, kuma duk sanda ta yi mata wanka sai ta tuna gida. Akwatin ɗumame ya yi ƙararsa ta gamawa. Na jira in ji an sake murɗa shi, ban ji ba. Ta ƙasan labulen ina hango yatsun ƙafar Umma, ba su motsa ba.

Sai muryarta ta fito daga bayan labulen, ƙasa-ƙasa.

"Malam, ka tambaye ta ko kukar nan ta ƙare. Daddawar ma na san ba ta kai yanzu ba, kaɗan na samu mai kyau a lokacin."

Na ga maganar ta isa can. Yaya ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, domin godiyar da na karɓa a bakin zaure ta koma wurin mai ita. Baba, da fuskarsa ta ɗaukar hoto, ya dubi wayar ya ce, "Ummanku na tambaya ko kuka ta ƙare."

"Baba, ka ce mata saura kaɗan," in ji Yaya. "Ina ta lallaɓa ta ne." Ta share ido da bayan hannu. "Baba, ka ce wa Umma ta yafe mini."

Baba bai juya ya isar da wannan ba, bai ma motsa ba.

"Ka ce mata ni ba ta yi mini komai ba," in ji Umma. "Ka ce mata ta riƙa cin abinci, ta rame. Allah ya yi mata albarka, ita da abin da ta haifa."

Muka ce amin mu uku, biyu a Tudun Wada, ɗaya a wani ɗakin asibiti mai farar fitila. Yaya ta yi kukanta a fili, ni na taya ta, Baba ya shiga goge gilashinsa da bakin riga. Ta cinye hutunta duka a ranar, har aka ƙwanƙwasa mata ƙofa, kuma ita ce ta ajiye wayar da hannunta bayan ta ce sai Lahadi.

Can Umma ta fito da kwanon ɗumame ta ajiye gaban Baba. Tuwon yau da laushinsa, sau ɗaya ya sha ɗumi. Idanunta sun yi ja, ta ga ina kallonta, sai ta ja gefen mayafi ta goge ta ce hayaƙi ne. Daga ni har Baba babu wanda ya tuna mata cewa akwatin ɗumame ba ya hayaƙi.